Atmos ko sitiriyo? Amsa ga mai haɗa shiri a Agege

Wani ƙanena da ke zaune a Agege ya aiko mini da tambaya. Yana haɗa shiri mai kashi shida a kan 'yan Arewa masu neman halak ɗinsu a Legas: 'yan tumatir da albasa na Mile 12, mahautan Oko-Oba, da masu raguna a Alaba Rago. A YouTube zai ɗora, amma yana da burin wata tashar talabijin ta saya, in kuma Allah ya nufa a haska kashi na farko a sinima. Ya je wani situdiyo aka ce masa duniya ta bar sitiriyo tuni, Dolby Atmos ake yayi, aka yanka masa kuɗi kusan ninki biyu na wanda ya tanada. Sai ya ce: "Yaya, in biya, ko in tsaya a kan na da?"

Ƙanena, kada ka biya. Aƙalla dai ba a wannan aikin ba.

Ba ƙin Atmos nake yi ba. Ranar da na fara jin sa a ɗakin da aka tsara masa da kyau, an saki ruwan sama daga lasifikokin da ke manne a rufi, wallahi sai da na ɗaga kai na duba ko silin ne ke yoyo. Abu ne mai daɗi ƙwarai. Sai dai a ɗakin na ji shi, ina zaune a kujerar da aka auna da tef, lasifika goma sha biyu duk sun fuskanto ni. Mutumin da ka yi shirin dominsa ba zai taɓa zama a wannan kujera ba. To bari in warware maka abin da suke sayar maka tukuna, don in ka koma wurinsu ku yi magana ido da ido.

Tsarin da muka gada, na layi-layi ne. Ka ɗauka tuwon biki ne da aka riga aka zuba a kwanuka tun daga madafi. Mono kwano ɗaya ne. Sitiriyo kwano biyu, na hagu da na dama, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1931 wani injiniya a Ingila mai suna Alan Blumlein ya yi masa rajista. Wanda ake kira 5.1 kwano shida ne: hagu, dama, tsakiya, biyu a baya, sai ɗigon nan na ".1" wanda aikinsa rugugi kawai, irin na tsawa da injin jirgi, abin da bai wuce 120 Hz ba. Shi ya shiga gidajen sinima sosai a farkon shekarun 1990. A wannan tsari mai haɗa sauti shi ke yanke hukunci: wannan murya ta tafi layin tsakiya, wannan kiɗa ya rabu hagu da dama. Da zarar ya rufe fayil, an gama. Kowane layi yana jiran lasifikarsa, kuma lasifikar tana da inda aka ce a ajiye ta, na gaba biyu a digiri 30 daga tsakiya, na baya a wajen digiri 110. In baƙi shida aka zuba wa tuwo sai biyu suka zo, dole a juye kwanukan cikin biyu, kuma wajen juyewar nan ne miya ke zuba. Zan dawo kan wannan.

Atmos, wanda kamfanin Dolby ya fito da shi a 2012, ya canza inda ake rabon. Tuwon yana zuwa a tukunya da takarda a kai. Kowane sauti yana ɗauke da adireshinsa: ƙarar babur ɗin nan ta taso daga baya ta hagu, ta wuce ta gaba cikin daƙiƙa uku; kukan shirwa ya kasance a sama. Ba a ce ga lasifikar da za ta fitar da shi ba. Na'urar da ke wurin mai sauraro ita ke duba lasifika nawa ke akwai da inda suke, ta raba. Tsarin yana ɗaukar layi har 128: goma na shimfiɗa, wato sautin da ke zaune wuri ɗaya kamar hayaniyar kasuwa, sauran 118 na sautuka masu yawo. A babban ɗakin sinima yana iya ciyar da lasifika har 64 kowacce da nata. DTS:X da 360 Reality Audio na Sony duk danginsa ne, hikimar ɗaya ce.

Akwai wasu biyu da mutane ke cakuɗa su da Atmos, duk a kira su sauti mai kewaye kai. Ɗaya shi ne Ambisonik, wanda Michael Gerzon da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1970. Shi wurin yake ɗauka gaba ɗaya kamar ƙwallo, gaba da baya da sama da ƙasa, cikin layi huɗu a matakinsa na farko, goma sha shida a mataki na uku, daga baya ka juya ƙwallon yadda ka so. Ɗayan kuma bainoral, wanda layi biyu ne kacal amma an yi shi don yaudarar kunne. Yadda Allah ya halicce mu, sautin da ya taso daga dama yana riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kai yana tare wani ɓangarensa kafin ya kai hagu, sannan lanƙwasar fatar kunne tana canza masa launi gwargwadon ko daga sama ya zo ko daga baya. Da waɗannan ƙwaƙwalwa ke gane inda abu yake. Bainoral yana kwaikwayon su. Shi ya sa sai da iyafis a kunnuwa biyu yake aiki, kuma da yake kunnen kowa daban ne, abin da ni na ji a bayana kai kana iya jin sa a cikin ƙoƙon kanka. Ka riƙe wannan: duk wanda ya ce ya ji Atmos a wayarsa da iyafis, bainoral ya ji.

Yanzu mu fito daga situdiyo mu shiga danfo.

Ka hau daga Agege zuwa Oshodi da yamma ka dubi yadda mutanenmu ke kallo. Yaro riƙe da Itel ko Tecno, sauti na fita ta 'yar ƙofa ɗaya a gindin wayar, yatsansa ma ya rufe rabinta. Wani ya sa iyafis a kunne ɗaya, ɗayan kunnen ya bar shi don jin kwandasta. Wasu biyu sun raba iyafis ɗin, kowa da nasa ɓangare, wato ɗaya na jin layin hagu kaɗai, ɗaya na jin na dama kaɗai. A rumfar mai shayi kuma 'yar lasifikar Bluetooth ce a rataye a ƙusa, janareta na ruri a gefe. Mai albasan da ka yi hira da shi a Mile 12, in ɗansa ya tura masa shirin, ta WhatsApp zai zo, an matse shi har ya rame. A duk waɗannan wurare babu sama, babu baya, sau da yawa ma babu hagu da dama. YouTube kansa in ka ɗora bidiyo na yau da kullum ba Atmos yake kunnawa ba. Sitiriyo ne, sai 5.1 ga masu kallo a wasu talabijin. Facebook da TikTok kuwa kada ma ka wahalar da kanka. Ka ga ke nan ninki biyun da za ka biya zai tsaya ne a cikin kwamfutar situdiyon.

Za su ce maka ai wayoyi yanzu suna da Atmos. Gaskiya ne akwai maɓallin a wasu wayoyin, amma mafi yawan lokaci abin da yake yi shi ne ya ɗauki sitiriyo na yau da kullum ya ɗan buɗa shi. Haka dogayen lasifikokin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, waɗanda suka cika shaguna a Alaba International. Masu Atmos ɗin cikinsu suna harba sauti sama ne ya daki rufi ya dawo, don ka ji kamar daga sama yake. Dabarar tana son rufi shafaffe mai tauri. Falonmu kuwa silin ɗin POP ne mai hawa-hawa da fanka tana juyi a tsakiya.

Abin da ya fi damuna a aikin yaranmu ma ba rashin Atmos ba ne. Sitiriyon kansa ba a gama iya shi ba, kuma ni ma na sha kunya a kansa. Shekarun baya na haɗa wata waƙar biki, na ga 'yan amshi sun takure a tsakiya, sai na ɗora musu wata manhaja mai faɗaɗa sauti. A situdiyo abin ya yi kyau, kamar mata goma sun jeru daga bango zuwa bango. Da daddare na tsaya shan shayi a Obalende, na ba mai shayin ya sa a lasifikarsa don in ji yabo. Mawaƙi ya ba da baiti, kalangu ya amsa, sai shiru. 'Yan amshin sun koma kamar masu magana daga cikin rijiya. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Oga, matan sun yi fushi ne?" Abin da ya faru shi ne manhajar ta faɗaɗa su ta hanyar sa layin hagu ya riƙa turawa lokacin da na dama ke ja. A lasifika biyu kunne na jin faɗi. Da lasifikar mai shayi ta zuba su a kwano ɗaya, sai turawa da ja suka cinye juna. Tun daga ranar ba na sakin aiki sai na danna maɓallin mono na saurare shi daga farko har ƙarshe. Kai ma ka sa a yi haka a gabanka. Duk muryar mai magana ta zauna a tsakiya cif, yadda wanda ya ari ɓangare ɗaya na iyafis ba zai rasa kalma ko ɗaya ba.

Shi ma 5.1 yana da nasa ramin. Na taɓa kai wa wata tasha fayil mai layi shida, ban haɗa da na sitiriyo ba don na ɗauka za su juye da kansu. Na'urarsu ta ɗauki layi na ɗaya da na biyu ta watsar da sauran. A jerin da aka saba, ɗaya hagu ne, biyu dama, na uku shi ne tsakiya, kuma a na ukun nan duk maganar take. Aka haska shiri, kiɗa na tashi, motoci na wucewa, bakin mutane na motsi babu murya. Laifina ne, ban tambaya ba. Kuma jerin ma iri biyu ne: akwai mai sa tsakiya a na uku, akwai na 'yan fim mai sa shi a na biyu. In aka yi kuskuren wannan, sai ka ji mai magana ya koma kusurwar dama ya maƙale. Don haka kafin a fara haɗa sauti, ka nemi takardar ƙa'idojin duk wanda kake sa ran zai karɓi shirin: layi nawa, wane jeri, wane ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ƙarfi kuwa ta fi Atmos muhimmanci nesa ba kusa ba. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira LUFS, lambobinsa na ƙasa da sifili, yadda lamba ta yi nisa da sifili haka sauti ke raguwa. Tashoshin da ke bin ƙa'idar Turai suna son -23, na Amurka -24. Netflix na neman -27, a kan magana yake aunawa. YouTube yana rage duk abin da ya wuce wajen -14, amma wanda ya yi ƙasa ba ya ɗaga masa. Wato in ka ɗauki sautin da aka haɗa don sinima ka ɗora shi haka nan, raɗar tsohon mahaucin nan da ya rage murya yana ba ka labarin zuwansa Ikko a jirgin ƙasa za ta nutse a ƙarar danfo. Sinima ɗaki ne mai shiru, ana saita kowace lasifikar gaba a desibel 85, akwai fili tsakanin raɗa da tsawa. Waya ba ta da wannan fili. Dole a yi mata nata haɗin daban, a matso da raɗa sama, a danne tsawa, a rage kiɗa a ƙarƙashin magana fiye da yadda ranka ke so.

In da ni ne ke riƙe da kuɗin nan naka, lokeshin, wato wurin ɗaukar shirin, zan mayar da su. Ka san Agege. Ga jirgin sama yana saukowa Ikeja, ga jirgin ƙasa yana busa, ga janareta a kowane lungu, ga mai wa'azi da lasifika a wannan gefe, mai maganin gargajiya a wancan. A Oko-Oba ga kukan shanu da sarar gatari a kan ƙashi. Hirar da aka ɗauka da makirufon kyamara daga nesa a irin wannan wuri ta riga ta mutu, babu tsarin da zai tashe ta. In ka zuba ta a Atmos ma sai dai aibinta ya ƙara fitowa, don ka ba shi lasifika goma sha biyu ya baje. Ka ɗauki mutum guda wanda aikinsa sauti ne kawai, ba mai riƙe fitila da aka ce ya ɗan taimaka ba. A maƙala wa mai magana ƙaramin makirufo a wuyan riga, a kuma rataya na sanda a samansa, kowanne a layinsa, a ingancin ɗauka na 48 kHz da bit 24. Mai sautin ya kasance da hedfon a kai, kuma a ba shi ikon tsayar da hira in jirgi ya taso. Babbar riga mai sitaci tana ƙara in ta gogi makirufo, wannan sai wanda ya sha wahalarsa ya sani. A lura da inda aka maƙala. In an gama kowace hira, kowa ya yi tsit a ɗauki minti ɗaya ko biyu na shirun wurin. Edita zai yi maka addu'a, don da shi ake cike gurbi in an yanke magana.

Sinima ita ce wuri ɗaya a cikin burinka da sitiriyo ba zai wadatar ba. A ɗaki mai faɗi, muryar da ke fitowa daga lasifika biyu tana zama a tsakiya ne ga wanda ya zauna a tsakiya kawai. Na gefen hagu zai ji ta daga bangon hagu alhali mai maganar na tsakiyar allo. Shi ya sa ake ajiye lasifika ta uku a bayan allon, ta riƙe magana. To in maganar haskawa ta tabbata, ko a gidajen sinima na Lekki da Victoria Island, ko a bikin fina-finai irin AFRIFF, sai a yi wa kashin nan guda ɗaya haɗin 5.1. Shi ne abin da kowane ɗakin sinima na zamani zai iya kunnawa. Kada a cika wa lasifikokin baya kaya: hayaniyar kasuwa, iska, ruwan sama, shi ke nan. Atmos na sinima kuwa wani aiki ne daban da na gida, ana haɗa shi a babban ɗakin da Dolby ya amince da shi, sannan sai ɗakin haskawar ma yana da kayan. Ba shi ne aka yi maka tayinsa ba, na tabbata.

In ka ga dama ka koma situdiyon, ba don rigima ba. Ka ɗaga kai ka ƙirga lasifika. Ɗakin da aka fi ba da shawararsa don wannan aiki shi ne 7.1.4: bakwai a kewaye, ɗaya ta rugugi, huɗu a sama. In biyu ka gani a kan tebur da hedfon, to da kunnen bainoral za su yi maka aikin. Ana iya farawa haka, tunda Logic Pro, manhajar haɗa sauti, ya shigo da kayan Atmos cikinsa tun 2021, Nuendo da Pro Tools da DaVinci Resolve Studio ma duk suna da shi, kowa da kwamfuta mai ƙarfi zai iya buɗewa. Amma wanda bai ji aikinsa a lasifika ba bai san abin da ya aika sama ba. Ka tambaye su daga me za su haɗa. In sun ce ka kawo sitiriyon da aka gama su "mayar" da shi Atmos, ka ɗauki hularka. Wannan baza shi kawai za su yi da manhaja, kuma Apple Music ma ya hana a kawo masa irin wannan a waƙoƙi. Ka tambayi wane fayil za su ba ka. Amsar ita ce ADM BWF, fayil ɗin da ke ɗauke da sautukan Atmos tare da adireshinsu. Ka kuma shirya wurin ajiya: layi ɗaya na awa guda ya haura megabait 500, wato sitiriyo gigabait ɗaya da 'yan kai, 5.1 uku da ɗoriya, Atmos da aka cika layinsa 128 kuwa ya haura 60. Ka lissafa da kuɗin data da wutar da muke fama da ita. Abu na ƙarshe, ka ce su kunna maka sitiriyon da na'urar ta juye daga Atmos ɗin. Yana fitowa da kansa, shi ne abin da suke tallatawa, an yi ɗaya an sami duka. A kunnena dai bai cika kai wanda mutum ya zauna ya haɗa da hannu ba, musamman wajen daidaita magana da kiɗa. Kai kuwa sitiriyon nan shi ne kusan duk masu kallonka za su ji.

Akwai inda zan ce maka biya ba tare da na yi dogon tunani ba. In wani babban dandali ya ba ka kwangila ya rubuta Atmos a takarda, to ai kuɗin na cikin kwangilar. In mawaƙi ne kai mai masu sauraro a Apple Music, wanda ya fara kunna Atmos a tsakiyar 2021, ko Tidal ko Amazon Music, nan ma akwai hujja, don masu saurarensu da iyafis mai kyau suke ji, kuma a farkon 2024 Apple ya ƙara wa waƙoƙin da ke da shi kason kuɗi har zuwa kashi goma cikin ɗari. Can ma da sharaɗi: a ma'aunin ƙarfi ba a wuce -18, wato ba za ka danne waƙa ta yi ƙara kamar yadda aka saba ba, kuma Apple da tasa hanyar yake juye wa kunne, sai an gwada a kayansa. Amma waƙar buɗe shirinka, wadda Audiomack da Boomplay da masu tura waƙa a memori za su yaɗa, sitiriyo ya ishe ta.

Inda abin ya fi burge ni shi ne bidiyo mai digiri 360 da wasan kwaikwayo na kunne. Ka yi tunanin hawan Daushe a Kano, an kafa kyamara a tsakiyar fili. Mai kallo ya juya wayarsa hagu, kakaki ya koma damansa, ya waiga ya tarar da 'yan bindiga a bayansa, kofaton dawaki na tahowa. A nan in sauti bai juya tare da hoto ba, an ɓata abin gaba ɗaya, kuma Ambisonik ne maganinsa. YouTube na karɓar mai layi huɗu a irin wannan bidiyo. Haka tatsuniya ko labarin ban tsoro da aka yi don a ji da iyafis cikin dare, kura na shinshina a bayan wuyanka. Wannan bainoral ne, layi biyu, yana wucewa ta kowace manhaja ba tare da izinin kowa ba. Ina mamakin yadda yaranmu masu shirye-shiryen murya ba su rungume shi ba har yanzu, ga araha ga daɗi, muddin an gaya wa mai sauraro ya sa kunne biyu.

Tsoronka na sani: kada nan da shekara uku wani ya zo sayen shirin ya ce sai da Atmos. Abin yana motsi kam, ko a farkon 2025 Google da Samsung sun fito da nasu tsarin mai suna Eclipsa Audio wanda ba a biyan kuɗin lasisi. Maganin wannan tsoro ba ya cin ko sisi. Ka sa a rubuta a yarjejeniyarku cewa bayan haɗaɗɗen sauti za a ba ka dami uku daban-daban: na magana, na kiɗa, da na sauran ƙararraki, tare da ainihin aikin da duk layukansa a warware. Ka ajiye a wuri biyu, kada duka su kwana a gida ɗaya. Mai waɗannan a hannu zai iya haɗa 5.1 ko Atmos ko duk abin da aka ƙirƙiro gobe. Kuma da su ake fassara. Ka san finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, yadda a wasunsu kiɗa da ƙarar mota ke ɗaukewa da zarar mai fassara ya buɗe baki, su dawo in ya rufe? Rashin damin kiɗa da ƙararraki ne ya jawo, haɗaɗɗen kawai suka samu. Shirinka na Legas ne, wata rana za a so shi da Yarbanci ko Turanci.

In kuɗi ya ragu bayan an sallami mai sauti, ga ɗan abin da zan ƙara. Ka yi hayar ƙaramin rikoda na Ambisonik, irin Zoom H3-VR mai makirufo huɗu a kai ɗaya, na kwana biyu. Kada a yi hira da shi, bai iya ware murya ba. A kafa shi a tsakiyar Mile 12 da asuba lokacin da manyan motoci ke sauke kwandunan tumatir, 'yan dako na ihun a ba su hanya, dillalai na ciniki da Hausa da Yarbanci a haɗe. A bar shi minti goma ba mai taɓawa. A yi haka a Alaba Rago ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, a yi a bakin titin jirgi a Agege. Daga wannan ɗauka guda za a fitar maka da sitiriyo mai faɗi yau, a fitar da na baya in an zo 5.1, na sama ma yana ciki yana jira.

In kun gama kashi na farko ka turo mini ta WhatsApp yadda kowa zai same shi, kada ka aiko babban fayil. A Itel ɗin mai gadinmu zan fara ji, a bakin get, janareta a kunne. Hirar tsohon mahaucin nan zan nema.